Ina so in tsaya takarar kansila saboda kogin garinmu, ku ba ni shawara

Ɗan Bakin Kogi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe a zauren nan ina karatu ban cika tofa albarkacin bakina ba, amma yau na zo neman shawara a kan abin da ya hana ni barci.

Ni malamin firamare ne a wani ƙauye da ke bakin kogin Gongola, can sama da dam ɗin Dadin Kowa. Da rani ina noman albasa a 'yar fadamar da Baba ya bar mana. Akwai wata tsamiya a bakin gaɓa inda muke ɗaure jaki muna yara, a lokacin tsakaninta da ruwa akwai gonar mutum guda sukutum. Damina biyu da suka wuce gonar ta tafi, bana kuma cikin watan Agusta tsamiyar ta bi ta. Da idona na ga saiwoyinta a sama, ruwa yana juya ta kamar karan dawa. Tun ranar in na kwanta lissafi nake yi, don daga inda gaɓar ta tsaya yanzu zuwa maƙabartarmu bai wuce jifa ba.

Abin da ke cin gaɓar ba ɓoyayye ba ne. Da zarar ruwa ya ja baya, tifofi ke sauka tun kafin asuba, ana haƙar yashi daidai gindin gaɓa saboda nan ne mota ke iya kaiwa. Giyayyar da ta riƙe bakin ruwan an sare an yi gawayi. Sharar kasuwa da ƙazantar mahauta duk a kwarin da ke gangarawa kogi ake zubawa, kuma ƙasa da wurin kaɗan ne mata ke ɗiban ruwa. Bara da bazara wani ya zuba guba a wani gurbi cikin dare, da gari ya waye kifi ya yi fari fat a saman ruwa, manya da ƙanana, yara suna kwasa da kwanuka suna kai wa iyayensu.

Mun yi magana, mun rubuta takarda, shiru kake ji. Shi ne wasu samari suka same ni suka ce in fito takarar kansila a zaɓe mai zuwa. Inna ta ce ba da yawunta ba, siyasa ba ta gidanmu ba ce. Ni kuma zuciyata ta rabu biyu. Shin kansila yana da ikon da zai kare kogi, ko mutuncina da 'yan kuɗina zan zubar a banza? In na fito dole ne in ajiye koyarwa? Wanda ya sani don Allah ya faɗa mini gaskiya ko da ɗaci.

Tsohon Kansila:
Wa alaikumus salam Malam. Na riƙe kujerar nan zango ɗaya a ɓangaren Bauchi, saboda haka abin da na gani zan faɗa maka, ba abin da na ji ba.

Ranar da aka rantsar da kai, babu wanda zai ƙara tuna cewa saboda kogi ka fito. Kana idar da sallar asuba za ka tarar da mutane a ƙofar gida: wannan da takardar magani, wancan matarsa ta haihu babu ragon suna, wancan an kama masa babur. Albashin ba ya kai tsakiyar wata. In ka ce musu kai maganar gaɓar kogi ka sa a gaba, za su ce ka ci amana. Ni da burin gyaran rijiyoyi na shiga, na fita da guda biyu kacal da tarin bashi.

Sannan tikiti. A ƙasar nan babu ɗan takara mai zaman kansa, dole sai jam'iyya ta tsayar da kai. Kuma a matakin gunduma ba kasafai ake zaɓen fid da gwani na gaske ba, yawanci masalaha ake yi a ɗakin wani babba. Samarin da suka zo maka, a cikinsu wa ke da kujera a shugabancin jam'iyya na gundumarku? In babu, ka fara daga nan. Ba hana ka nake yi ba ƙanena, so nake ka shiga ido buɗe.

Barista:
Malam, bari in raba maka abin gida biyu, don a nan mutane ke ruɗewa.

Ruwan kogin kansa ba na ƙaramar hukuma ba ne. Gongola daga tsaunukan Filato ya taso, ya ratsa Bauchi da Gombe, ya shafi Borno, ya faɗa Binuwai a Numan ta jihar Adamawa. Kogin da ya haɗa jiha fiye da ɗaya, dokar albarkatun ruwa ta 1993 a hannun gwamnatin tarayya ta sa shi. Yashi kuma a idon doka ma'adini ne, dokar ma'adinai ta 2007 ce ke kula da shi, lasisin haƙarsa daga Abuja yake fitowa. Duk ɗan takarar da ya hau mumbari ya ce da ya ci zaɓe zai soke haƙar yashi, ko bai san doka ba ko yaudara yake yi.

Amma ka buɗe Jadawali na Huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ka ga abin da aka ba ƙaramar hukuma: kwashe shara, bandakunan jama'a, mahauta, kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, magudanan ruwa da hanyoyin cikin gari, sannan hannu a harkar lafiya da ilimin firamare da bunƙasa noma da albarkatun ƙasa, ban da haƙar ma'adinai. Yanzu ka koma ka karanta ƙorafinka. Mahauta tana ciki. Sharar kasuwa tana ciki. Maƙabartar da ruwa ke nema tana ciki. Hanyar da tifa ke bi ta sauka gindin gaɓa, ita ma a ƙasar gari take, ba a cikin ruwa ba. Wato kogin ba naka ba ne, amma kusan duk abin da ke cutar da shi ta ƙofarka yake wucewa. Majalisar kansiloli tana da ikon yin dokar cikin gida a kan waɗannan, sai dai ba kai kaɗai za ka yi ba, sai ka jawo rinjayen abokan zamanka, shugaban ƙaramar hukuma kuma ya sa hannu.

Batun aiki: ma'aikacin gwamnati ba ya shiga zaɓe yana kan aiki. Ga majalisar jiha da ta tarayya Tsarin Mulki ya ce ya ajiye aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Zaɓen kansila dokar jiha ce ke tafiyar da shi, don haka ka je ofishin hukumar zaɓe ta jiha ka karɓi ƙa'idojin a rubuce kafin ka rubuta wa kowa takardar ajiye aiki.

Direban Tifa:
Ni fa ban so shiga ba amma an taɓo sana'ata. Malam, da girmanka, ka yi magana kamar mu ɓarayi ne masu zuwa da dare. Muna sammako ne saboda rana, masu lodi ba sa iya shebur da tsakar rana a watan Maris. Kuma su waye masu lodin? Ba daga wata ƙasa muke kawo su ba, yaran garinku ne, wasu ma ɗalibanka ne na da. Da wannan shebur ɗin suke sayen masara, da shi wasu suka yi aure. Duk ginin da kake gani yana tashi a cikin Gombe, masallaci ne ko makaranta ko asibiti, da yashi aka yi shi. Kowane sawu kuma sai mun biya kafin mu fita, ba kyauta muke ɗiba ba. In ka fito da taken hana yashi wallahi ƙuri'ar gidan masu lodi ko ɗaya ba za ka samu ba, kuma ba zan ga laifinsu ba.

Ɗan Bakin Kogi:
Yaya Direba, ka yi haƙuri in maganata ta yi maka zafi, ban nufi sata ba. Gaskiya ne, cikin masu lodin akwai yaro da na koyar tun aji uku, shi ke riƙe da mahaifiyarsa. Abin da nake gani shi ne, wannan yaron gidansu yana layin farko da ruwa zai ci. Kuɗin da ka ce kuna biya kuwa, ni ban taɓa ganin rasit ɗinsa ba. Wa ake ba?

Direban Tifa:
Wani mutum ne da igiya a bakin hanya. Rasit kam babu.

Mai Aikin Gona:
To ai nan ne maganar take. Ina ganin ku biyun ba ku yi nisa da juna kamar yadda kuke zato ba. Ba ɗiban yashi ne gaba ɗaya ke rusa gaɓa ba, wurin da ake ɗiba ne. Duk inda kogi ya yi kwana, ruwa yana cin gefen waje, yana ajiye yashi a gefen ciki. In aka ɗiba a tudun yashin da ya tara a gefen ciki ko a tsakiya, damina mai zuwa za ta mayar da wani. In kuwa aka haƙa a gindin gaɓar waje, an cire mata ƙafa ke nan, ruwan farko mai ƙarfi zai shiga ƙarƙashinta ta rufta. Direbobi suna son gindin gaɓa ne don ƙasar wurin tana da tauri mota ba ta kafewa. Kenan abin da ake buƙata hanya ce da za ta kai su wurin da ya dace, a zuba mata tsakuwa, a toshe waccan. Wannan aiki ne da ƙaramar hukuma za ta iya, musamman in kuɗin igiyar nan ya koma rasit.

Akwai kuma abin da manoman rani ba su cika lura ba. In aka zurfafa cikin kogi, ruwan ƙarƙashin fadama ma sauka yake yi ya bi shi. Shi ya sa za ka ga rijiyar da a da tiyo ɗaya ke kai mata, yanzu inji yana ta kuka yana jan iska.

Ga gaɓar da ta riga ta tsage kuma, a dasa jema layi-layi. Saiwarta tana nutsewa ƙasa sosai ta ɗinke ta kamar tabarma, kuma ba ta tsoron ambaliya. A bayanta a sa gora da giyayya. Ba abu ne mai tsada ba, kula yake so kada awaki su cinye a shekarar farko. Tun da jihar Gombe ta fara shirin dashen itatuwa na 3G (Gombe Goes Green) a 2019, maganar dashe ba baƙuwa ba ce a ofisoshi, mai nema ya san ƙofar da zai buga.

'Yan cikin Gombe da ke zauren nan kada ku ce babu ruwanku. Ƙasar da ke zubewa a ƙauyen Malam a cikin dam ɗin Dadin Kowa take kwanciya, kuma daga can ake turo ruwan famfonku.

Ɗan Gombe a Ikko:
Ina gaishe ku daga Legas. Shekaruna da dama ina harkar kifi ta wajen Epe, kuma maganar nan tamkar a nan ake yinta. Mu a gida muna ganin kamar mutanen bakin teku sun fi mu gata, amma kukan ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta. A nan ba shebur ba ne, manyan injuna ne a kan ruwa suke zuƙo yashi daga ƙasan tafkin Legas dare da rana, ana cike fadamu ana gina unguwanni. Masunta suna cewa ruwa ya gurɓace, wurin da kifi ke ƙwai ya lalace, sai sun yi nisa kafin su samu abin kai wa gida. A jihar Ondo akwai garin Ayetoro na Ilaje, teku ta cinye masa gidaje da yawa, mutane suna ta ja da baya.

Kuma abin da Barista ya faɗa na gani a aikace. Jihar Legas da duk ƙarfinta ta yi shekaru tana shari'a da hukumar kula da hanyoyin ruwa ta tarayya, NIWA, a kan wa ke da iko da hanyoyin ruwan, a 2024 Kotun Ƙoli ta ba tarayya gaskiya. In jiha irin Legas ba ta ƙwace ruwa ba, kansila ba zai ƙwace ba. Amma a shekarar nan ta 2024 gwamnatin Legas ta haramta farar robar zuba abincin nan mai kama da soso, don ita ke toshe kwatoci ta tafi cikin tafki. Ka ga ba ta taɓa ruwan ba, abin da ke shiga ruwan ta tare. Ni a ganina nan ne hanyar Malam. Ka bar wa Abuja ruwanta, ka tsaya a bakin kwari.

Saurayin Tashan Dukku:
Ku yi haƙuri manya, amma duk maganar nan ana yinta ne kamar ƙuri'a ce ke kawo kansila. A zaɓen ƙananan hukumomi na 2024 a jihar nan jam'iyya mai mulki ce ta ɗauke shugabanni 11 da kansiloli 114, duka. Kuma ba Gombe kaɗai ba, kusan kowace jiha haka sakamakon ke fitowa, ko wace jam'iyya ce ke sama. To Malam zai ajiye aikin da yake ci da iyalinsa don ya shiga wannan? Ni shawarata ya kafa ƙungiyar ci gaban gari, a yi mata rajista, a ɗauki hotunan gaɓar a sa a Facebook, a kai wa gidajen rediyo. Yana da albashinsa, yana da bakinsa. Kansila kuwa in ya yi magana da ƙarfi sai a ce ya yi wa jam'iyya zagon ƙasa.

Tsohon Kansila:
Yaro ya faɗi gaskiya rabi. Ɗaya rabin shi ne, ƙungiya tana iya ihu amma ba ta zama inda ake raba kasafi. Rijiyoyi biyun da na ce na yi, da ba na cikin ɗakin ko ɗaya ba za a yi ba. Kuma tunda ka san inda kujerar ke fitowa, ai ka san ƙofar da za a bi. A shiga jam'iyya tun daga tushe, a riƙa zuwa taron gunduma, a zama mutumin da in an zauna masalaha ba a iya tsallake sunansa.

Barista:
In ƙara a kan wannan. Ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, kuma gwamna ba shi da ikon rushe zaɓaɓɓu ya naɗa kantomomi. Aiwatar da hukuncin yana tafiyar hawainiya, kowa ya sani. Amma duk ranar da kuɗin suka fara sauka da gaske, wanda ke zaune a majalisar kansiloli zai yi nauyin da ba shi da shi a da. In mutanen kirki duk suka ce ba za su shiga ba, wasu ne za su tarbi kuɗin.

Maman Biyu:
Tun ɗazu maza ke ta yashi da tikiti, ba wanda ya tambayi masu shiga ruwan kullum. Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na yi aiki a ƙauyukan bakin kogi. Malam, kai da kake da aji a gabanka, gobe ka tambayi yaran maza a hankali, ba a gaban juna ba, wa ke ganin jini a ƙarshen fitsarinsa. Za ka sha mamaki. Tsargiya ce. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ya ƙyanƙyashe ya shiga wata 'yar katantanwa, daga nan ta fito ta huda fatar wanda ya shiga wanka ko wanki. Ba sai an sha ba. Na taɓa samun wata uwa da ta ce mini ai alamar ɗanta ya fara zama namiji ne, yaron kuwa idonsa ya yi fari saboda ƙarancin jini. Maganin yana nan, praziquantel, ana rabawa a makarantu, amma in yaro ya sha yau jibi ya koma ruwan nan, an koma gidan jiya.

Mace ba don sha'awa take kai tulu kogi ba. Ka ba ta burtsatse mai aiki da dakalin wanki a kusa da gida, ka gina bandaki a kasuwa da makaranta, ka ɗauke zubar da ƙazantar mahauta daga kwarin nan, ka ga ko za ta ƙara sauka. In za ka fito, da wannan za ka shiga gidaje. Kalmar kare muhalli ba ta shiga kunnen Inna, amma ka ce mata jikanta zai daina fitsarin jini ka ga. Kuma ranar zaɓe ka duba layi ka ga su wa suka fi yawa, suka fi jure rana.

Ɗan Bakin Kogi:
Hajiya, Allah ya saka da alheri. Na san da tsargiyar amma ban taɓa haɗa ta da maganar takara ba. Gobe in Allah ya kai mu zan tambaye su.

Jikan Sarkin Ruwa:
Malam ka ambaci guba, bari in yi magana a matsayin wanda ya tashi a cikin kwalekwale. Abin da ake zubawa yawanci maganin ƙwari ne na gona, mu mun fi saninsa da gamalin. Ba ya zaɓe, tarwaɗa da karfasa da kurungu da ƙwansu duk yake kashewa, gurbin da aka zuba sai ya daɗe bai farfaɗo ba. Bayan shi akwai wata masifar da ba a magana a kanta, wato gidan sauro. An raba don yara su kwana a ciki, wasu sun mai da shi taru, suna tace ruwa har da 'ya'yan kifin da ba su kai ɗan yatsa ba. Wanda ya kama wannan ya ci kifin baɗi ne tun bana. Giwan ruwa da kakanmu ke kamawa sai mutum biyu sun ɗauka, yau in an samu matsakaici sai a taru ana kallo.

Dokar kamun kifi ta cikin ƙasa ta 1992 ta hana guba da nakiya, ta kuma yi magana a kan girman idon koma. Amma wa zai tsaya a bakin gurbi da ƙarfe biyun dare? A da Sarkin Ruwa ne. Shi ke cewa gurbi kaza an rufe sai ranar su, wato ranar kamun kifi na gayya, kuma ba mai taɓawa, wanda ya karya a ƙwace komarsa a kai shi gaban dagaci. Yanzu in ya ƙwace, mai komar sai ya ce da wace doka. Abin da nake so daga kansila bai wuce wannan ba: a rubuta dokar cikin gida da za ta tsaya wa Sarkin Ruwa a baya. Mutanen da za su yi gadin muna da su, takardar ce babu.

Kuma a tuna masarautar nan a bakin kogin nan aka haife ta. Gombe Abba ta Buba Yero a gaɓar Gongola take, daga can aka koma Nafada a 1913, ita ma bakin kogi, sannan aka dawo Doma, wato garin Gombe na yanzu, a 1919. Ba ƙaramin abu Malam yake magana a kai ba.

Alaramma:
Wani ya turo mini ta gefe yana tambaya ko ya halatta mutum ya nemi mulki da kansa, sai na ga gara in amsa a nan. Gaskiya ne Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi Abdurrahman bin Samura kada ya nemi shugabanci, don wanda ya nema akan bar shi da shi, wanda aka ba ba da nema ba akan taimake shi. Amma Annabi Yusuf (AS) da ya ga yunwa tana tafe kuma ya san zai iya, shi ya ce a ɗora shi a kan taskokin ƙasa. Malamai sun haɗa biyun da cewa abin dubawa shi ne niyya da cancanta da kuma ko akwai wanda zai toshe gurbin in ka ƙi. Malam kuma ya ce mutane ne suka same shi. Batun ruwa kuwa, hadisi ya zo cewa Musulmi sun yi tarayya a abu uku, ruwa da ciyawa da wuta, an kuma hana yin bahaya a mashayar jama'a. Wanda ya zuba guba a gurbi haƙƙin gari guda ya ɗauka.

Abu ɗaya zan ja hankalinka a kai ɗana: maganar mahaifiyarka. Kada ka sayi fom tana cewa a'a. Ka yi istihara, ka tura mata wanda take jin nauyinsa, ka kai ta ta ga inda gaɓar ta tsaya da maƙabartar da mijinta yake kwance.

Saurayin Tashan Dukku:
Ni dai har yanzu tsorona kada a rasa malami mai kishi a aji, a kuma rasa kujerar. Amma in za a fara da ƙungiyar, a sa sunana. Ina iya ɗaukar hoto da haɗa bidiyo.

Ɗan Bakin Kogi:
Na karanta komai sau biyu, na gode ƙwarai. Da na rubuto, a raina in na zama kansila zan tsaya a hanya in ce tifa ba ta wucewa. Yanzu na gane ba ni da wannan ikon, kuma ko ina da shi yaran da na koyar zan fara cutarwa. Abin da na ga zan iya ɗauka in shiga gidaje da shi huɗu ne: a canza wa tifofi hanya kuɗinsu ya koma rasit, a ɗauke ƙazantar mahauta da kasuwa daga kwarin, a samu burtsatse da wurin wanki, a rubuta wa Sarkin Ruwa dokar da ya nema. Jema kuwa ba sai na jira zaɓe ba, da damina ta faɗi za mu fara daga wajen maƙabarta.

Ban yanke hukuncin ajiye aiki ba tukuna. Katin jam'iyya zan yanka a satin nan, in fara zuwa taron gunduma kamar yadda Honorabul ya ce. Kawuna zan tura wa Inna. Ranar Juma'a bayan an sauko zan roƙi Dagaci ya tara mu a ƙofar gidansa, da Sarkin Ruwa da Sarkin Pawa da masu lodi. Yaya Direba, za ka iya zuwa, ko ka turo wani daga ƙungiyarku?

Direban Tifa:
In hanya za a gyara ba korarmu za a yi ba, zan zo, kuma zan zo da shugabanmu. Amma ka faɗa wa Dagaci a kira mai igiyar shi ma, a tambaye shi a gaban kowa inda kuɗin ke zuwa.

Mai Aikin Gona:
Ni ma zan biyo motar Direba. Malam, kafin Juma'ar ka samu turaku guda goma ka kafa a layin gaɓar, ka auna taku nawa ne daga kowanne zuwa bakin ramin, ka rubuta da kwanan wata. Ka turo mini lambarka ta gefe, akwai inda na san za a samu saiwar jema a wajen Dadin Kowa.